Direba Kumagai da Babur ɗin Tsaye

Duk wanda ya girma a garinmu Kuzuhara ya san Kumagai Tetsuji, ko dai ya hau motarsa, ko kuma ya bi ta da gudu bai samu ba. Shekara arba'in da ɗaya yana tuƙa bas mai lamba bakwai, daga tashar jirgin ƙasa zuwa kan tudun da ke hayin kogi, da farar safar hannu da hular kamfani. Ko keken wani bai taɓa goga ba. Haka kuma bai taɓa jiran kowa ba. In lokacin tashi ya yi, ko yana ganinka a madubi kana ɗaga hannu kana haki, rufe ƙofa zai yi ya ja motarsa. Mun zage shi a zuci iya zagi, amma da shi muke gyara agogunanmu.

Kamar sauran direbobin da aka horar a zamaninsu, ba ya motsa mota sai ya nuna da yatsa ya kuma faɗa da baki. “Hagu lafiya! Dama lafiya! Gaba lafiya! Mota za ta tashi, a riƙe da kyau!” Abin ya bi jikinsa har gida. Maƙwabta sukan ji shi da safe yana nuna murhu yana cewa, “Gas a kashe, lafiya!”

Matarsa Fumie kwandastarsa ce tun farkon aikinsa, lokacin da kowace bas ke da mace a ƙofar baya. Ita ke sauka in zai yi ribas, ta tsaya tana kaɗa hannu tana kiran “Baya lafiya! Baya lafiya! Tsaya!” Tsofaffin garin sun ce sau ɗaya tak lamba bakwai ta taɓa tashi a makare. Wata safiya ce Fumie ta makara da minti huɗu, shi kuwa ya zauna da mota cike da mutane har ta iso. Da yamma ya ɗauki biro ya rubuta rahoton kansa da kansa ya kai wa shugabansu. Shekarar ba ta ƙare ba suka yi aure.

Abubuwa uku suka faɗo masa a jere bayan ya haura saba'in. Ciwon mantuwa ya kama Fumie, har ya kai ga ba za a iya barinta a gida ba, aka kai ta gidan kula da tsofaffi da ke kan tudun nan na hayin kogi, tafiyar kilomita shida. Kamfani ya soke layin lamba bakwai, wai ba fasinja kuma ba direbobi. Sai 'yarsu Chizuru, wadda ke aure a Nagoya, ta tasa shi a gaba da maganar lasisi. Duk ranar da talabijin ya nuna wani tsoho ya taka totur maimakon birki, a ranar waya za ta yi ƙara a gidan Kumagai. Da ya gaji, ya sa kwat ɗinsa ya tafi ofishin 'yan sanda ya mayar da lasisin da hannu biyu, kamar yadda tsofaffinmu ke yi, ya rusuna, suka rusuna, ya dawo gida a ƙafa.

Wata uku ya yi yana bin motar abokinsa Nonomura mai awara. Nonomura kuwa ba ya zuwa kan tudu sai ya gama raba awara, wani lokaci ƙarfe biyu, wani lokaci biyar, ga surutu, ga shi ba ya sa sigina sai ya riga ya karya kwana. Kumagai yakan isa da warin waken suya a jikinsa da ɓacin rai a fuskarsa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, in ya shiga, Fumie sai ta dube shi da fara'ar da ake yi wa baƙo, ta ce, “Wa ake nema?” Wata ma'aikaciyar gidan ce ta ja shi gefe ta gaya masa cewa kullum ƙarfe uku saura kaɗan Fumie takan koma bakin taga ta zauna, wai tana jiran mota. Ƙarfe uku kuwa lokacin da lamba bakwai ke isa kan tudu ke nan.

A shagon kekuna ya ga abin: ɗan babur ɗin lantarki da ake hawa a tsaye, faifai ɗaya, tayoyi biyu ƙanana, da sandar riƙewa. Mai shago ya ce masa wannan irin ba ya bukatar lasisi, in dai mutum ya kai shekara goma sha shida.

“Na wuce da hamsin da takwas,” in ji Kumagai. “Miƙo mini littafin dokokinsa.”

Da Chizuru ta ji labari sai da ta kusa fasa masa kunne a waya.

“Baba, mota ka ajiye don kada ka kashe wani, shi ne yanzu za ka hau faranti ka kashe kanka?”

“Ba ya wuce gudun ashirin. Doka ta hana, injin ma ba ya yarda.”

“Ashirin ɗin ba ta karya ƙugu ne?”

Sun yi ta ja har ta gaji. Daga ƙarshe ta gindaya masa sharaɗi. “To ka ji da kyau, Baba. Takarda ɗaya daga hannun 'yan sanda, ɗaya tak, in zo in ɗauke babur ɗin, in ɗauke ka, ka dawo Nagoya wurinmu. Mama mu riƙa zuwa dubiya sau ɗaya a wata.” Kumagai ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗaya ba a taɓa busa masa usur ba? Ya ce ya yarda.

Kwana tara yana karatun littafin nan kafin ya ɗora ƙafa a kan faifai. Ya je ofishin gari ya karɓo lamba, 'yar ƙarama kamar tafin hannu, ya ɗaura ta a baya, yana goge ta da tsumma kowace safiya. Ya yi inshora ya liƙa shaidarta. Hular kwano doka ta ce a yi ƙoƙarin sawa, shi kuwa a wurinsa ba wani abu wai shi ƙoƙari, sai ya sayi fara ya ɗaure igiyarta tamau. Da yamma yakan zauna a bencin shagon awara ya riƙa karanto wa Nonomura dokokin, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

“Gefen hagu na titi, can baki. Hanyar masu tafiya a ƙasa ba a hawa, sai inda allo ya ba da izini, kuma sai ka mayar da gudu zuwa shida, koriyar fitila tana ƙiftawa.”

“Shida? Ai kakata da sandarta ta fi haka.”

“Mutum biyu ba sa hawa. Ba waya a hannu. In ka kurɓi giya, ko ta rufe gindin kofi ce, ba ka hawa.”

“To me ya rage na daɗi a ciki? Tetsu, ka sayi katakon guga da kuɗinka, kuma an hana ka jin daɗinsa.”

Ranar farko rabin layinmu ya fito kallo. Kumagai ya fito da farar safar hannu, ya zagaya babur ɗin sau biyu yana duba taya da birki, ya hau, ya murza a hankali. Ya kai bakin layi lafiya lau. A nan ne shekara arba'in da ɗaya suka taso masa. Hannun damansa ya saki sanda da kansa, yatsa ya miƙe, ya buɗe baki ya ce, “Hagu la—” Sauran maganar a cikin shingen furannin Nonomura ya ƙarasa ta. Ƙafafu a sama, hula a karkace, babur ɗin kuwa ya kwanta a gefe tayarsa tana juyawa.

“Hagu dai ba lafiya,” in ji Nonomura, yana janyo shi yana dariya har da hawaye.

Da wani ne, da tuni ya daina nunin. Kumagai bai daina ba, hanya ya canja. In yana tafiya, hannu biyu na kan sanda, sai ya yi nunin da haɓa, ya turo baki hagu, ya turo dama, yana shelarsa da ƙarfi. In ya tsaya cik ya sa ƙafa a ƙasa, sannan yatsa ke samun rabonsa. Muka saba da jin muryarsa kullum ƙarfe biyu da rabi da minti biyar: “Mota za ta karya hagu, a kula!” Wani abin kuma, jikinsa bai san an soke layi ba. Duk tsohuwar tashar bas da ya iso sai ya rage gudu ya tsaya, ya duba ko akwai fasinja. Wata rana ya tarar da tsohuwa Ukita a tashar gaban kantin magani da ledar kabeji biyu.

“Yauwa Direba Kumagai, dama gwiwa ta dame ni. Matsa gaba in ɗan raɓa.”

“Wannan motar ba ta ɗaukar fasinja.”

“To uban me ya tsayar da kai?”

Ya rusuna mata, ya nuna dama da yatsa ya wuce. Har yau ba ta gaishe shi.

Amma abin da ya saya babur ɗin dominsa ya samu. Ranar farko da ya hau tudun ƙarfe uku daidai, da farar safa, yana shelar “Tasha ta ƙarshe, kowa ya duba kayansa,” Fumie tana bakin taga. Da ya shiga ɗakin ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Direba, hularka ta karkace.” Ya fita baranda ya daɗe yana share hanci kafin ya dawo. Tun daga ranar, in ya iso a kan lokaci da ƙafafunsa a kan abin hawa, ta san shi. Su sha shayi, ya ɓare mata lemo, ta ba shi labarin fasinjojin da suka mutu shekara talatin da suka wuce.

A duk hanyar wuri ɗaya ne ke ba shi wahala, babbar mahaɗar da ke gaban gada, inda ake karya dama a hau kogi. Bas takan koma layin tsakiya ta jira koriyar kibiya ta kama a wutar hanya, sannan ta juya. Shi kuwa ɗan babur doka ba ta yarda masa da haka ba. Sai ya bi bakin hagu ya miƙe ya tsallaka, ya tsaya a ɗaya kusurwar, ya juyar da kan babur dama, ya sake jiran koriyar wuta, sannan ya tsallaka karo na biyu. Kumagai ya san wannan kamar sunansa. Wata bakwai yana yinsa ba kuskure, ko da yake kullum sai ya yi tsaki.

Ranar da abin ya faru, ruwa ya kwana biyu yana zuba, shi kuwa ba ya hawa a jiƙaƙƙen titi. Da hantsi ma'aikaciyar nan ta bugo waya ta ce Fumie ta ƙi cin abinci, tana ta tambaya ko an soke motar ne ba a gaya mata ba. Rana ta fito, titi ya bushe, ya fita da maganar nan tana cin zuciyarsa. Bai san lokacin da ya iso mahaɗar ba. Ya dai farga ya ga kansa a layin tsakiya, babbar motar siminti a gabansa, ta katako a bayansa, kibiya ta kama, haɓarsa ta nuna dama, ya karya kwana tsaf kamar mai jan mutum sittin a baya. Kwana ce mai kyau, wannan kam ba mai musu. Yana hawa gada ya ji usur.

'Yar sandan da ta tare shi Hirase ce, mace mai kimanin shekara arba'in da biyar, ba ta da yawan fara'a. Ta dubi lamba, ta dubi shaidar inshora, ta dubi hula, ta ga komai daidai. Sannan ta dubi fuskarsa, sai ta yi murmushi har kunne.

“Direba Kumagai! Lamba bakwai!”

“Ni ne.”

“Ba ka gane ni ba ko? Tashar gaban makarantar sakandare. Yarinya mai jar jaka. Shekara uku kana rufe mini ƙofa a hanci. Wata rana har na taɓa jikin motar da hannuna, cikin ruwan sama.”

“Kin makara ne.”

“Da daƙiƙa goma!”

“Lokaci lokaci ne,” in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

“Haka ne,” ta ce, tana zaro littafinta. “Ka san abin da ka yi?”

Ya sani. Ya faɗa mata da bakinsa, dalla-dalla, har ya fi ta iya bayanin. Ta ce masa mai motar katakon nan bai gan shi ba sam sai da ya fito daga ƙarƙashin madubinsa, da ya ɗan matsa da yanzu wani zancen ake yi. Kumagai ya so ya ce mata akwai mai jiransa a bakin taga. Maganar ta zo har maƙoshi. Amma mutum nawa suka zo masa da uzuri a bakin ƙofar mota ya ƙi saurara? Ya haɗiye. Ya tsaya ƙiƙam har ta gama rubuta shuɗiyar takardar tara, ya karɓa da hannu biyu, ya ma nuna mata inda ta manta ba ta sa lokaci ba.

Ya isa kan tudu uku da minti ashirin. Ba kowa a taga. Ya shiga ya same ta a bakin gado, ta ɗago ta yi masa fara'ar baƙo ta ce, “Wa ake nema?”

Nonomura ya ba shi shawarar da kowa zai ba shi. “Kai Tetsu, Nagoya fa ba nan ba ce. Je ka biya tararka ka yi shiru. Wa zai gaya mata? Ni dai bakina ƙanin ƙafata.”

“Na yi alkawari.”

“Alkawarin ya ci ƙaniyarsa! Matarka fa?”

Kumagai ya koma gida ya zauna gaban waya har shayinsa ya huce. Tsoro ya ji, irin wanda bai taɓa ji a bayan sitiyari ba. Ya san in ya tafi Nagoya, zuwan sau ɗaya a wata a kujerar bayan motar suruki ba zai sa Fumie ta san shi ba, ya zama baƙo ke nan har ƙarshe. Duk da haka ya nuna wayar da yatsa, ya ɗauka, ya karanta wa 'yarsa takardar tun daga kwanan wata har sa hannun Hirase.

Ranar Asabar Chizuru ta iso da mota, ta riga ta kwantar da kujerun baya don babur ya samu wuri. Ba ta yi faɗa ba, wannan ya fi faɗan ciwo. Ta fara naɗe masa riguna. Biyu da rabi ta yi, ya sa safar hannu.

“Ina kuma za ka, Baba?”

“Akwai tafiyar ƙarfe uku. In na kammala ta sai ki ɗauki motar.”

Ta bi shi a baya da motarta, gudun ashirin, layin motoci ya taru a bayanta. Ta ga ubanta yana turo baki hagu da dama. Ta ga ya tsaya a tashar da ba kowa. A mahaɗar gada ta ga ya bi bakin hagu, ya tsallaka, ya juya, ya jira, ya sake tsallakawa. Ta yi dariya ita kaɗai a mota, ta kuma ji haushin dariyar.

Uku saura minti ɗaya suka hau tudu. Kumagai ya yi shelar tasha ta ƙarshe, ya sauka, ya kashe babur, ya fara jansa da baya don ya shigar da shi wurin ajiye kekuna. Chizuru ta fito ta tsaya a bayansa. Sai taga ta buɗe, wata murya ta fito, siririya amma tsaf, muryar da Chizuru ta shekara biyu ba ta ji irinta ba.

“Baya lafiya! Baya lafiya! Ke yarinya, matsa daga bayan mota! Baya lafiya… tsaya!”

Ya tsaya cik.

A ɗaki Fumie ta gyara wa mijinta wuyan riga, ta ce ya rame, ta tambaye shi me ya hana mota zuwa kwana biyu. Sannan ta juyo ga 'yar da ta haifa, ta dube ta da kirki.

“Ke fasinja ce? To ki riƙa fitowa da wuri. Wannan direban da kike gani ba ya jiran kowa.” Ta rage murya, ta kama hannun Chizuru. “Ni kaɗai yake jira.”

Chizuru ta ce ta manta wani abu a mota. Ta daɗe ba ta dawo ba. Da Kumagai ya leƙa ta taga, sai ya hango ta tana ta fama da kujerun baya, tana tayar da su ɗaya bayan ɗaya.

Amma 'yar ubanta ce, ba ta tafi haka nan ba. A ƙofar gida, da makullin mota a hannu, ta ce, “Mahaɗar nan ta gada, daga yau sauka za ka yi, ka kashe shi, ka tura shi ta wurin tsallakawar masu ƙafa.”

“Direba ya tura mota a gaban jama'a?”

“Ko ka tura, ko Nagoya.”

Shi ya sa yanzu muke jin shelarsa biyu da minti ashirin da biyar, ya ƙara minti goma saboda turi. Duk wanda ya bi ta gada a wannan lokacin zai gan shi a bakin zanen tsallakawa, ƙafa biyu a ƙasa, yana nuna hagu da dama da yatsa son ransa. In Hirase ce ke aiki takan ɗaga masa hannu, shi kuma ya duba agogo ya wuce. Ba ya tsayawa gaisuwa, akwai kwandasta a bakin taga.